Masu Fayyace Magana a Ƙasar Ƙonni

Tun kafin Nasara ya iso ƙasar Ƙonni muna da masu aikin fayyace magana. Da azumi mai jan baƙi ya karanto aya, malam ya warware ta da Hausa, galibi da Jalalaini buɗe a gabansa, har manomin da bai taɓa riƙe allo ba ya tashi da abin da ya fahimta. A fada kuwa sarki ya faɗa a hankali, sanƙira ya ɗaga murya ya isar. Mai bayani da mai sauraro 'yan gari ɗaya ne, in ya karkata akwai mai tsayar da shi.

A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakaninmu da Sakkwato, Faransanci nan, Ingilishi can. Sai ga tafinta. Kwamandan ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Faransanci, saboda haka haraji da aikin tilas da hukunci duk ta bakin mutum ɗaya suke bi, babu mai bin diddiginsa. A ganinmu nan ne bayani ya tashi daga hidima ya koma iko, shi ya sa tsofaffi ke ambaton tafintan bariki da girmamawa haɗe da ɗari-ɗari.

Sannu a hankali ƙofar ta faɗaɗa. Asibitin Galmi, da mishan SIM ta buɗe a 1950, ya kawo wani irin tafinta, mai tsayawa tsakanin likita Bature da majinyaci, inda kuskuren kalma ɗaya ke iya taɓa rai. 'Yan lakwal suka yawaita, mai wasiƙa ya samu ɗan unguwa da zai karanta masa. Rediyon Nijar, da aka kafa a 1958, ya shigar da sanarwar gwamnati cikin gidaje da Hausa. Taron Bamako na 1966 ya daidaita rubutun boko, a 1973 aka soma makarantun gwaji da harsunan gida.

A watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun yi murna ƙwarai. Sai dai takardar shari'a da ta magani da ta kwastan har yau da Faransanci suke zuwa hannun ɗan kasuwar Malbaza ko manomin Illela, kuma sai ya nemi mai warware masa su.