Ciwon ciki bayan motsa jiki ga mai farfaɗowa daga ciwon hanta: Abin da ya kamata a sani

Mutum ya yi makonni a kwance da shawara, idanu sun washe, fitsari ya koma kamanninsa, sai ya ce bari ya koma bakin nema. Da zarar ya yi doguwar tafiya ko ya ɗaga kaya, sai ya ji suka ko nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Wasu kan tsorata su koma shimfiɗa, wasu kuma su sha maganin ciwon jiki su ci gaba da aiki. Dukkan hanyoyin biyu na iya cutarwa.

A Ɗanzomo da ke Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, da sauran garuruwan Masarautar Gumel irin su Maigatari da Gagarawa, motsa jiki ba sai an je filin wasa ba. Huɗa da girbin gero da jan guga da dakon buhunan riɗi da kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, duk motsa jiki ne mai nauyi. Masu fama da hanta kuwa ba kaɗan ba ne: binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C.

Me ke kawo ciwon?

Hanta, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, tana ɓangaren dama ne a ƙarƙashin haƙarƙari. Tsokarta ba ta jin zafi, tantanin da ya lulluɓe ta shi ke ji. Idan ta kumbura sai ta miƙar da tantanin, kuma kumburin ba ya sacewa ranar da shawara ta wuce. Gudu ko jijjigar babur a hanya mai gargada na iya tayar da wannan nauyin.

Na biyu, mutum na zaune hanta kan karɓi kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jinin da zuciya ke turowa. Lokacin aiki mai tsanani jiki na karkatar da jini daga hanji zuwa ƙafafu da hannaye da fata, abin da kan jawo murɗar ciki da tashin zuciya. Zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40 a arewacin Jigawa, da ƙarancin shan ruwa suna ƙara tsananta hakan.

Na uku, jinya na cinye tsoka. Tsokar ciki da ta yi rauni kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. Akwai kuma sukar kwiɓi da ko mai lafiya kan ji idan ya yi gudu bayan cin abinci. Waɗannan duk sukan lafa da hutawa.

Lokacin da abin ya wuce wasa

Hatsarin ya fi yawa ga wanda hantarsa ta yi tabo ta taurare. Jini ba ya ratsa irin wannan hanta da sauƙi, sai ya taru a baya. Saifa, wadda ke ɓangaren hagu, takan kumbura, kuma tunkuyin sa ko faɗuwa a wajen ƙwallo na iya fasa ta. Jijiyoyin jini na maƙoshi ma sukan kumbura, riƙe numfashi da yunƙurin ɗaga buhu kuma suna ƙara masu matsi. Idan ruwa ya taru a ciki, yunƙurin na iya turo hanji ta cibiya ko matsematsi.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Aman jini ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta.

Ciwo mai tsanani a hagu da ke harbawa zuwa kafaɗa, tare da jiri ko sanyin jiki.

Kumburin ciki tare da zazzaɓi.

Kullutu a cibiya ko matsematsi mai zafi da ya ƙi komawa.

Dawowar shawara, ko ruɗewa da yawan barci da rana.

Haka nan ciwon da ya wuni bai lafa ba, ko wanda ke dawowa kullum, yana buƙatar likita, domin gyambon ciki da tsakuwar matsarmama kan ɓuya a bayan ciwon hanta.

Yadda za a koma aiki

Kwanciya ba magani ba ce, domin zaman wuri ɗaya na ƙara zaftare tsoka. A fara da tafiyar minti 10 zuwa 15 da sassafe ko bayan La'asar, a riƙa ƙarawa kowane mako, har a kai minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya iya magana yana tafiya ba tare da haki ya tsinke masa zance ba.

A bar tazarar kamar sa'a biyu bayan cin tuwo, amma kada a fita da yunwa, domin hanta mai rauni ba ta ajiye sukari isasshe. Saboda haka ne ake shawartar masu taurin hanta su ci wani abu kafin barci, kuma su tuntuɓi likita kafin azumi. A raba buhu gida biyu ko a nemi ɗan dako. Mai kumburarriyar saifa ya dakata da ƙwallo da kokawa da dambe sai likita ya sahale masa.

Magungunan da za a kiyaya

Ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda ake saye a kemis don ciwon jiki, na iya jawo zubar jini a ciki da lalacewar ƙoda ga mai taurin hanta. Farasitamol ya fi sauƙi, amma likitoci kan taƙaita shi zuwa giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Jiƙe-jiƙen maganin shawara da ba a san abin da ke cikinsu ba, da barasa, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, duk ƙarin nauyi ne ga hanta.

Inda za a je

A fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, a nemi gwajin jini na aikin hanta da hoton ciki. Idan ana buƙatar ƙwararre, akan tura mutum Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da nau'in B fiye da wata shida ya ci gaba da zuwa ana duba shi ko da ba ya jin komai, kuma ya kai iyalinsa a gwada su, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi.