Jaridun Tsegumi a Ingila: Tsakanin Mai Bugawa da Mai Saye

Kalmar Tabloid, wadda a yau ake kiran jaridun tsegumi da ita, asalinta sunan ƙwayar magani ne da kamfanin Burroughs Wellcome na Landan ya yi wa rajista a 1884, daga baya aka ari sunan aka laƙaba wa jarida mai ƙananan shafuka wadda ke dunƙule labari kamar yadda ake dunƙule magani. Salon ya yi ƙarfi bayan Rupert Murdoch ya sayi jaridar The Sun a 1969, ya cika ta da abin kunya na mashahurai da manyan kanun labarai masu tayar da hankali, har ta wuce sauran jaridun kullum na ƙasar a yawan ciniki.

Hujjar masu bugawa ba ta canza ba, wato abin da jama'a ke so shi ake sayar musu, sai dai tarihin birnin Liverpool ya nuna cewa mai saye ma yana da iko. A watan Afrilun 1989, bayan turmutsitsin filin wasa na Hillsborough wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, The Sun ta ɗora wa magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool laifin da bincike ya tabbatar ƙarya ne, mutanen birnin kuwa suka ƙaurace mata har yau, duk da afuwar da ta nema. Jaridar News of the World kuma, wadda aka kafa a 1843, an rufe ta a watan Yulin 2011 bayan an gano wani da ke yi mata aiki ya yi kutse cikin wayar wata yarinya da aka kashe, kuma masu talla suka janye.