Wa Ya Cancanci Magani? Tarihin Wata Tsohuwar Gardama a Ƙasar Ingila



Tambayar da za mu duba a wannan lacca ita ce: idan jama'a suka tara kuɗi ta hanyar haraji domin a yi wa marasa lafiya magani, shin mutumin da ake ganin shi ya jawo wa kansa cuta, kamar mai shan taba ko mashayin giya ko mai ƙiba, yana da haƙƙi a wannan dukiya daidai da na kowa, ko kuwa ya kamata a sa shi a bayan layi? Tambayar ta shafe mu, domin tun daga 2022 dokar Nijeriya ta wajabta inshorar lafiya, kuma duk inda aka haɗa asusu ɗaya, ba a daɗe ba wani zai ce wane yana cin rabon da ya fi nasa. Na zaɓi ƙasar Ingila ne saboda ta shafe fiye da shekara 400 tana wannan gardama, ta gwada amsoshi iri-iri, kuma an rubuta abin da kowace amsa ta haifar.

A 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka yi Dokar Matalauta wadda ta ɗora wa kowace gunduma nauyin karɓar haraji don ta kula da gajiyayyunta. Dokar ta kasa matalauta kashi-kashi. Tsofaffi da makafi da guragu a taimake su, masu ƙarfi a ba su aiki, wanda kuwa ya ƙi aikin a kai shi gidan horo. Daga nan ne aka gaji rabe-raben nan na talakan da ya cancanci taimako da wanda bai cancanta ba. A 1834 aka tsananta dokar, aka ce tilas rayuwar mai karɓar taimako ta fi ta lebura mafi ƙarancin albashi wuya, don kada zaman banza ya yi wa kowa daɗi. Har ma wanda ya karɓi magani daga asusun matalauta yakan rasa ikon jefa ƙuri'a, sai a 1885 aka janye wannan hukunci.

Ma'aikata kuwa, don gudun wannan wulakanci, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai, masu kama da adashi, inda kowa ke zuba 'yan kuɗi kowane mako, in ciwo ya kwantar da shi a biya shi. Abin lura shi ne su ma talakawan ba su yi wa junansu sassauci ba. Galibin ƙungiyoyin sun rubuta a dokokinsu cewa ba za su biya wanda ciwonsa ya samo asali daga buguwa, ko faɗa, ko neman mata ba. Dokar inshorar ciwo da Bismarck ya yi a Jamus a 1883 ita ma ta yarda a hana kuɗin jinya saboda irin waɗannan dalilai. Saboda haka kada mu ɗauka wannan ra'ayi na masu kuɗi ne kaɗai. Duk wanda ya zuba guminsa a asusu yana ƙyashin a kashe shi a kan wanda yake gani bai kiyaye ba, kuma wannan ƙyashi ba wauta ba ne.

Inda aka fara ganin iyakar wannan ra'ayi shi ne kan cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa, watau ciwon sanyi da tunjere. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin babu cutar da mutanen wancan zamani suka fi tabbata cewa mai ita shi ya jawo wa kansa. Asibitocin sadaka da yawa ba sa karɓar masu ita sam, waɗanda ke karɓa kuwa sukan ware su a ɗaki dabam, wasu har su ƙara musu kuɗi. Daga 1864 zuwa 1869 Majalisa ta yi dokoki uku da suka ba 'yan sanda ikon kama duk matar da suke zargi da karuwanci a garuruwan da ke da bariki ko tashar jiragen ruwan yaƙi, a duba ta da ƙarfi, in an same ta da cutar a tsare ta a asibiti. Sojojin da ke zuwa wurin matan ba a kama su. Josephine Butler da abokan gwagwarmayarta suka yi ta yaƙi da dokokin har aka soke su a 1886.

To, me hani da kunyatarwa suka haifar? Masu cutar suka ɓoye ta, suka koma wajen masu maganin tsibbu na kasuwa, suka kai ta gida ga matansu, aka haifi 'ya'ya da ita, makafi da kurame waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 1913 aka naɗa hukumar bincike, ta ba da rahotonta a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum ɗaya cikin goma a manyan birane yana ɗauke da tunjere. A lokacin kuwa akwai magani, Salvarsan, wanda Paul Ehrlich ya fitar a Jamus a 1910. Sai gwamnati ta yi abin da ba wanda ya zata. A shekarar 1916 ɗin ta umarci ƙananan hukumomi su buɗe wuraren shan magani kyauta, a asirce, ga kowa, ba tare da tambayar yadda aka yi ya kamu ba, baitulmali ya ɗauki kashi 75 cikin 100 na kuɗin. Ku lura da wannan, jama'a: cutar da aka fi ɗora wa mai ita laifi tana cikin na farko da aka mai da maganinsu kyauta ga kowa, shekara 32 kafin a yi wa sauran cututtuka haka. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba. Lissafi ne ya nuna cewa korar majiyyaci ta fi yi masa magani tsada.

Sauran tarihin zuwa 1948 sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. Rahoton Beveridge ya fito a 1942, aka yi doka a 1946, ran 5 ga Yuli 1948 aka buɗe Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa, wadda ake kira NHS a taƙaice, a hannun Ministan Lafiya Aneurin Bevan, tsohon mai haƙar kwal daga garin Tredegar. Ƙa'idarta ita ce a yi wa kowa magani gwargwadon buƙatarsa, a biya daga haraji. Ba a tambayar aljihunsa, ba a kuma tambayar halinsa. Aka zaci an binne tsohon rabe-raben Dokar Matalauta ke nan.

Amma shekara biyu kacal bayan haka, a 1950, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga bincikensu da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. Wannan ya sake buɗe ƙofar da aka rufe, domin yanzu ilmi ne da kansa yake cewa wasu manyan cututtuka suna bin ɗabi'a. Sai dai mu tuna yadda ɗabi'ar ta shiga. A lokacin da aka kafa NHS, wajen kashi biyu cikin uku na mazan ƙasar suna shan sigari. Gwamnati ta raba wa sojojinta sigari a yaƙe-yaƙen duniya biyu, ta ci haraji mai yawa a kanta, ba ta kuma hana tallarta a talabijin ba sai 1965. Da wane baki hukumar da ta miƙa wa saurayi karan farko a fagen fama za ta ce masa, bayan shekara talatin, shi kaɗai ya jawo wa kansa?

Akwai kuma abu na biyu. Da labarin illar taba ya bazu, masu ilmi da manyan ma'aikata su ne suka fara bari, leburori suka yi baya. A 1974 kashi 45 cikin 100 na manya suna sha, zuwa 2023 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 12, amma masu aikin ƙarfi sun ninka manyan ma'aikatan ofis fiye da sau biyu a yawan masu sha. Rahoton da kwamitin Sir Douglas Black ya miƙa a 1980 ya nuna cewa ciwo da mutuwar wuri suna bin matsayin mutum a al'umma sau da ƙafa, ya kuma ɗora mafi yawan laifin a kan talauci da muhalli da irin aikin da mutum ke yi. Gwamnatin Margaret Thatcher ba ta yi maraba da shi ba, kofe 260 kawai aka fitar, a ƙarshen makon hutu na watan Agusta. Ma'anar wannan ga tambayarmu a fili take. Duk rariyar da aka saƙa don tace masu mugun zaɓi, in aka girgiza ta, talakawa ne za a tarar a ciki, watau jikokin mutanen nan da dokar 1834 ta tace.

Duk da haka gardamar ta dawo. A 1993 wasu likitocin fiɗa biyu suka rubuta a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya cewa bai kamata a yi wa masu shan taba aikin gyaran jijiyoyin zuciya ba. A shekarar ce kuma wani asibiti a Manchesta ya ƙi yi wa wani mai ciwon zuciya gwaji sai ya bar taba. Ya bari, aka sa masa rana, ya rasu kafin ranar ta zo. Jaridu suka yi ca. Likitocin suka ce su ba hukunci suke yankewa ba, aikin ne ba ya ƙarko a jikin mai shan taba, ga kuma wasu suna jira.

A nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin take, domin tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko ta likita ce: shin wannan magani zai yi aiki a jikin wannan mutum? Ta biyu ta alƙali ce: shin ya cancanci a yi masa? Ta farko tana duban gaba, kuma gaskiya ne cewa rauni ya fi saurin warkewa in mutum ya bar taba makonni kafin tiyata. Ta biyu tana duban baya, kuma likita ba shi da shaidu ko ma'aunin da zai raba rabon gado da rabon talauci da rabon ganganci a cikin cuta ɗaya. Majalisar da ke kula da aikin likitoci a Birtaniya ta tsaya a kan wannan bambanci, ta hana likita ya ƙi ko ya jinkirta magani don yana ganin halin majiyyaci ne ya jawo ciwon. Wahalar ita ce tambaya ta biyu ta iya sa rigar ta farko.

Dashen hanta ya nuna haka. Hanta ba kamar kuɗi ba ce, ba a ƙara ta a kasafin shekara, wadda aka ba wani an hana wani ke nan. Da aka yi wa shahararren ɗan ƙwallon nan George Best dashe a 2002, ya koma shan giya, ya rasu a 2005, mutane da yawa suka ce an yi asarar kyautar mamaci. Wurare da yawa sun daɗe suna bin ƙa'idar cewa sai mashayi ya yi wata shida bai sha ba kafin a sa shi a layi, kuma ana kiranta ƙa'idar likitanci. Amma akwai masu kumburin hanta mai tsanani waɗanda galibinsu ba sa kai wata shida a raye. A 2011 likitoci a Faransa da Beljiyam suka buga sakamakon dashen da suka yi wa mutum 26 irin waɗannan, waɗanda aka zaɓa da kyau, ba tare da jiran wata shidan ba. Kashi 77 cikin 100 suna raye bayan wata shida, alhali a cikin takwarorinsu da ba a yi wa ba kashi 23 ne kawai, kuma 'yan kaɗan ne suka koma sha. Ashe wani ɓangare na ƙa'idar hukunci ne, ba ilmi ba.

Misali na ƙarshe ya fi kusa da aikinku, ku ma'aikata, domin na masu riƙe da kasafi ne. A 2016 Ƙungiyar Likitocin Fiɗa ta Ingila ta gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na hukumomin lafiya na yankuna suna hana ko jinkirta tiyatar da ba ta gaggawa ba, kamar sauya gwiwa ko ƙugu, ga masu ƙiba ko masu shan taba. Ana auna ƙibar ne ta raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. A shekarar, hukumar yankin York ta ce wanda awonsa ya kai 30 zai jira har shekara guda in bai rage nauyi ba, mai shan taba kuwa wata shida in bai bari ba. Hukumar tana cikin giɓin kuɗi mai tsanani a lokacin, kuma likitocin fiɗa suka ce wannan ne ainihin dalilin. Ku yi tunanin mai ciwon gwiwa da aka ce ya motsa jiki ya rage ƙiba kafin a gyara masa gwiwar da ta hana shi tafiya. An rushe waɗannan hukumomi a 2022, aka maye gurbinsu da wasu.

Kada a fahimce ni cewa ƙasar ta yafe wa mutane nauyin zaɓinsu. Ta dai matsar da wurin biyan ne daga ƙofar asibiti zuwa kantin saye. Harajin taba ya kawo wa baitulmalin Birtaniya wajen fam miliyan dubu goma a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta NHS na kashewa a kan cututtukan taba. An hana shan ta a wuraren taruwar jama'a na cikin gini a Ingila a 2007, aka sa haraji a kan lemon kwalba mai yawan sukari a 2018. Wannan hanya ma tana da aibinta, domin harajin ya fi cizon mai ƙaramin albashi. Amma tana karɓar kuɗin ne a lokacin da mutum ke tsaye da ƙafafunsa, yana da ikon ya saya ko ya fasa, kuma kamfanin da ya sayar masa shi ma yana ji a jikinsa.