Abin da alƙalai ke dubawa kafin su ba zanen fastel lambar yabo

A watan Satumba na kowace shekara, Ƙungiyar Masu Zanen Fastel ta Amurka, wadda aka fi sani da PSA, takan buɗe baje kolinta a zauren National Arts Club da ke birnin New York. Wata mai zane, Flora Giffuni, ita ce ta kafa ƙungiyar a 1972. Zanen da ake aikowa daga ƙasashe daban-daban ya ninka abin da bangon zauren zai iya ɗauka sau da yawa, don haka sai alƙalai sun tace. Daga cikin waɗanda suka tsallake kuma, ƙalilan ne ke samun lambar yabo. Haka abin yake a Landan, inda takwararta ta Ingila, wadda aka kafa tun 1898, ke baje nata kolin a Mall Galleries.

Fastel wani irin alli ne na zane. Garin launi ne zalla ake kwaɓawa da ɗan abin da zai riƙe shi, galibi ƙaro na itace, a mulmula shi kamar ɗan yatsa a shanya. Babu mai a cikinsa, babu ruwa, ba a kuma buƙatar burushi. Mai zane yakan goga shi ne a kan takarda mai kaushi, kaushin ya kama garin. Shi ya sa launinsa ba ya komawa rawaya yadda fentin mai ke yi idan ya tsufa. Hotunan da Rosalba Carriera, 'yar birnin Venice, ta zana kafin rasuwarta a 1757 suna nan a gidan tarihi na Dresden da ke Jamus, launinsu ras kamar ba a daɗe da sauke hannu ba. Amma kuma wannan gari ba ya bushewa ya ƙame. Yatsa ɗaya ya isa ya share aikin wata guda.

Tacewa biyu, ido biyu

Wanda bai san yadda ake shirya irin wannan gasa ba zai ɗauka kallo ɗaya ake yi wa zane. Kallo biyu ne, kuma buƙatunsu sun sha bamban. A zagayen farko ba zanen kansa ake gani ba, hotonsa ne da mai shi ya ɗauka ya aiko ta intanet. Alƙalan tacewa sukan zauna gaban kwamfuta, hotuna na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne na samun 'yan daƙiƙoƙi kafin na bayansa ya maye gurbinsa. A zagaye na biyu ne alƙalin lambobin yabo, wanda sau da yawa mutum ɗaya ne, yake tsayawa gaban zanen a bango, ya ja da baya, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

Zanen da ya ci gasa shi ne wanda ya tsira a waɗannan wurare biyu. Dole ya yi magana daga nesa, yana ƙarami kamar kan sarki a allon kwamfuta, sannan idan an matso kusa a tarar da abin da ya cancanci matsowar.

Haske da duhu kafin launi

Abin da ke sa zane ya yi magana daga nesa shi ne tsarin haske da duhunsa. Masu koyar da zane sun daɗe suna cewa a runtse ido rabi a kalli aiki: ƙananan abubuwa za su ɓace, sai manyan fasali uku ko huɗu su rage, wani mai duhu, wani tsaka-tsaki, wani mai haske. Idan waɗannan fasali sun zauna da kyau, zanen ya tsaya da ƙafarsa. Idan komai ya narke ya zama toka-toka iri ɗaya, to ko launin ya kai na ɗawisu ba zai cece shi ba. Arthur Wesley Dow, wani malamin zane Ba'amurke, ya yaɗa wannan tunani a littafinsa na 1899, inda ya aro wa abin suna daga Japanawa, wato "notan". A yau mai zane yakan ɗauki hoton aikinsa da waya ya mayar da shi baƙi da fari, nan take ya ga gaskiya.

A nan ne fastel ke yaudarar sabon hannu. Akwatinsa cike yake da launuka masu ɗaukar ido, kuma mafi yawansu matsakaita ne wajen haske. Launi mai duhu sosai yana da wuyar samu a cikin akwatuna masu araha. Sai mutum ya zana faɗuwar rana da ja da rawaya da ruwan lemo, yana ganin ya zuba bambanci, alhali a ma'aunin haske duk tsayinsu ɗaya. Alƙalin da ya kalli hotuna ɗari uku tun safe ba zai tsaya ya nemi dalili ba, zai danna na gaba ne kawai.

Daga nan sai inda ido zai sauka. Zanen kirki yana da wuri guda da ya fi kowane ƙarfi, inda mafi haske da mafi duhu suka haɗu, inda gefen abu ya fi kaifi. Sauran wurare kuwa ana sassauta su da gangan, a bar gefen tulu ya narke cikin inuwa, a bar bishiyar nesa ba a ƙirga mata ganye ba. Jean-Étienne Liotard ya zana wata baiwa ɗauke da faranti mai kofin cakulan da tambulan ɗin ruwa, wajen 1744, shi ma yana Dresden. Bangon da ke bayanta fayau yake, babu ado ko ɗaya, shi ya sa ido ke tafiya kai tsaye ga fuskarta da hasken da ya ratsa ruwan. A ganina wannan haƙurin barin wuri babu komai ya fi wuyar koyo a kan iya fitar da kama.

Abin da ake gani daga kusa

Idan alƙali ya matso, hannun mai zane yake nema. Fastel ba a gauraya shi a faranti kamar fenti. A kan takardar ake ɗora wani launi bisa wani, yawanci daga mai duhu zuwa mai haske, daga alli mai tauri zuwa mai laushi. Kaushin takarda yana da iyaka. Da zarar ya cika, sabon launi ba zai kama ba, sai ya zame ya cakuɗe da na ƙasa, wurin ya zama kamar taɓo. Takardun zamani masu kaushin yashi, irin su UART, da Pastelmat na kamfanin Clairefontaine, suna ɗaukar shimfiɗa da yawa fiye da takardar da, amma su ma suna ƙoshi.

Babban abin da ke kashe zane shi ne yawan murzawa da yatsa. Ƙyallin fastel yana fitowa ne daga ƙwayoyin garin da ke zaune a saman takarda, kowacce na mayar da haske ta nata gefen. Idan aka murje su aka danna su ciki, sai fuskar zanen ta dushe. Edgar Degas, wanda ya rasu a 1917, ya nuna wata hanya: yakan jera layuka na launi daban-daban gefe da gefe, kore kusa da ruwan hoda a fatar mutum, ya fesa abin da zai riƙe su, ya sake ɗora wasu. Daga kusa layuka ne birjik, daga nesa kuwa jiki ne mai numfashi. Har yau alƙalai da dama suna fifita zanen da ya bar sawun alli a fili a kan wanda aka goge sumul har ya koma kamar hoton kyamara, duk da cewa masu tsananin kamanceceniya su ma sukan ci, idan sun haɗa da tsari.

Akwai kuma tambayar da ba a auna ta da ma'auni: me zanen yake faɗa? Maurice Quentin de La Tour ya kai hoton Madame de Pompadour babban baje kolin Paris na 1755. Tsayinsa ya kusa mita biyu, an haɗa shi ne da fallayen takarda da dama. Kyan rigar ba a magana, amma abin da ya riƙe masu kallo shi ne littattafan da ya jera a teburinta, ciki har da juzu'in kundin ilmi na Diderot da littafin Montesquieu a kan dokoki. Ya nuna ta a matsayin mai goyon bayan masana, a fadar da ba kowa ke maraba da su ba. Alƙalin yau da ya ga kwanon tuffa na arba'in a rana guda, wanda zai tuna da daddare shi ne wanda mai shi ya ga wani abu a tuffar da sauran ba su gani ba.

Sharuɗɗan da ke kayar da gwani

Aiki mai kyau kan faɗi tun kafin a kalle shi, saboda takardar sharuɗɗa. Gasannin waɗannan ƙungiyoyi na busasshen fastel ne. Wanda aka haɗa da mai da kakin zuma, irin wanda kamfanin Sennelier na Paris ya ƙera wa Picasso a 1949, ba ya shiga. An yarda a yi shimfiɗar farko da fentin ruwa, amma galibi ana sharɗanta cewa kashi 80 cikin 100 na fuskar zanen ya zama fastel. Ba a karɓar aikin da aka kwafa daga hoton da wani ya ɗauka, ko wanda aka yi a aji malami na gyarawa. Kuma zanen da aka kawo zaure dole ya zama daidai da hoton da aka aiko. Wanda ya ƙara wa hotonsa armashi a kwamfuta yana iya ganin an ƙi rataye aikinsa bayan ya biya kuɗin shiga da na jigila.

Firam ma yana cikin hukunci. Fastel sai da gilashi, amma bisa al'ada akan bar 'yar tazara tsakanin gilashin da fuskar zanen. Gilashin roba ba ya fashewa a hanya, sai dai yana tara irin lantarkin nan da ke sa riga ta manne a jiki lokacin hunturu, ya tsotso garin daga takarda. Maganin fesawa kuma yana dusar da launi, shi ya sa da yawa ba sa fesa shi a shimfiɗar ƙarshe, sai su bubbuga bayan allon a hankali don garin da bai kama ba ya zube kafin a rufe. Ɗigon shuɗi a kan farar takardar da ta kewaye zane ƙaramin abu ne, amma idan zane biyu suka yi kunnen doki, irinsa ne ke raba gardama.

Duk da haka alƙali mutum ne. Zanen da aka ƙi a wannan gasa yakan ci lamba a wata bayan wata shida, ba tare da an ƙara masa ko ɗigo ba. Wannan tsohon labari ne a duniyar zane: a 1863 alƙalan baje kolin Paris sun ƙi ayyuka masu yawa har ƙorafi ya kai ga Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarnin a buɗe wa waɗanda aka ƙi zaurensu daban, kuma a can ne Édouard Manet ya nuna zanen da ya sa sunansa ya cika gari. Saboda haka tsofaffin hannu sukan bincika wane ne alƙalin bana da irin aikin da yake yi kafin su zaɓi abin da za su aika.

Abin da ke sa a jure duk wannan ɗawainiya shi ne kasuwa. Mai zanen da PSA ta tantance ta ɗaga darajarsa yana da izinin rubuta waɗannan haruffa uku bayan sunansa, kuma masu gidajen sayar da zane suna la'akari da su wajen sa farashi, kamar yadda ake duba takardar shaida kafin ƙarin girma a ofis. An daɗe ana yi wa fastel kallon ƙanen fentin mai, ana sayensa da rahusa. A watan Mayun 2012 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da zanen nan na Edvard Munch mai nuna mutum riƙe da kai yana kururuwa, wanda ya yi da fastel a 1895, a kan kusan dala miliyan 120.