Mai Ƙara Ba Shi da Gadon Sarauta: Abin da Ikkilisiya Ta Koyar Game da Shaiɗan



Duk wanda ya saba zuwa taron addu'a ya san yadda sunan Shaiɗan yake yawan fita daga bakinmu. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, sai a ce Shaiɗan ne. Saurayi ya yi wa budurwa ciki, da dattawan ikkilisiya suka zaunar da shi sai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Yaro ya kwanta ciwo, kafin a kai shi asibiti an fara yi wa kakarsa wani irin kallo. A wani daren addu'ar ma, in ka ƙirga, za ka tarar an ambaci Iblis fiye da yadda aka ambaci Yesu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya baya, mu ga inda wannan koyarwa ta samo asali, da kuma matsayin da iyayenmu na bangaskiya suka ɗauka.

Mu fara da sunan. A harshen Ibrananci, wanda da shi aka rubuta Tsohon Alkawari, kalmar "satan" tana nufin abokin gaba, ko mai kai ƙarar wani gaban alƙali. Da fari ba sunan wani takamaimai ba ne. A Littafin Ƙidaya 22:22, da wannan kalma aka kira mala'ikan Ubangiji da ya tare wa Bal'amu hanya. A 1 Sarakuna 11:14 kuma, da ita aka kira Hadad mutumin Edom, ɗan Adam kamarmu, wanda ya tayar wa Sulemanu. Kalmarmu ta Shaiɗan ta shigo Hausa daga Larabci, ita da ta Ibranancin kuwa 'yan gida ɗaya ne. Da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka soma juya Littattafai zuwa Helenanci, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai suka zaɓi kalmar "diyabolos", wato mai ƙazafi. Masana da yawa suna ganin daga nan ne sunan Iblis ya fito.

A wurare uku ne kawai Tsohon Alkawari ya nuna shi a fili a matsayin ruhu mai gaba da mutum: Ayuba 1 da 2, Zakariya 3, da 1 Tarihi 21:1. Ku lura da yadda yake a littafin Ayuba. Ya zo gaban Allah ne kamar mai gabatar da ƙara, bai kuma iya taɓa ko da akuya ɗaya ta Ayuba ba sai da aka ba shi izini, aka kuma shata masa iyaka. A Zakariya, wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, yana tsaye yana zargin Yoshuwa babban firist, amma Ubangiji ya tsawata masa, ya sa aka tuɓe wa firist ɗin tufafinsa masu dauɗa aka sa masa masu tsabta. Ko macijin Farawa 3, littafin bai kira shi Shaiɗan ba. Wahayin Yahaya 12:9 ne ya haɗa su a sarari.

A Sabon Alkawari hoton ya ƙara fitowa. Ya gwada Yesu a jeji. Yesu ya kira shi uban ƙarya da mai kisankai (Yahaya 8:44). Amma har a nan igiyar tana wuyansa: a Luka 22:31-32 sai da ya nemi izini kafin ya sheƙe almajirai kamar alkama, Yesu kuwa ya riga ya yi wa Bitrus addu'a. Kolosiyawa 2:15 da Ibraniyawa 2:14 sun koya mana cewa a kan gicciye aka kwance masa ɗamara.

To, labarin mala'ikan da girman kai ya kā da shi fa? Wasiƙar Yahuza aya 6 da 2 Bitrus 2:4 sun yi maganar mala'ikun da suka yi zunubi, amma a taƙaice. Ishaya 14 da muke yawan karantawa, makoki ne na ba'a a kan sarkin Babila, Ezekiyel 28 kuma a kan sarkin Taya. Malaman ikkilisiya na Afirka ta Arewa, irin su Tatuliyan na Kartaj da Orijen na Iskandariya a ƙarni na 3, su ne suka ga inuwar Shaiɗan a bayan waɗannan sarakuna. Sunan Lusifa kuwa kalmar Latin ce mai nufin tauraron asubahi, wato gamzaki, da Jerom ya sa a Ishaya 14:12 lokacin da ya fassara Littafi Mai Tsarki wajen shekara ta 400. A fassarar Latin ɗin, da wannan kalma aka kira gamzakin da ke 2 Bitrus 1:19, wanda ke nuni ga Almasihu. Daga baya Yohanna Kalbin ya ce Ishaya 14 a kan sarkin Babila kaɗai take magana. Ƙaho da kofato da wutsiya kuma, aikin masu zane ne na Turai. Manzo Bulus ya ce yakan yi shigar mala'ikan haske ne (2 Korintiyawa 11:14).

Babbar gardamar da ikkilisiya ta yi ba a kan ko akwai shi ba ce. A kan girmansa ne. A ƙarni na 3 wani mutum mai suna Mani ya tashi a daular Farisa yana koyar da cewa tun fil azal akwai iko biyu, na haske da na duhu, suna kokawa. Koyarwar ta bazu har Afirka ta Arewa, ta kama wani saurayi mai kaifin basira mai suna Agustin, ya kuwa bi ta shekara tara. Abin da ya ja shi, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya, shi ne ta ba shi damar cewa ba shi ne yake yin zunubi ba, wani iko ne a cikinsa. Bayan an yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387, ya zama bishop na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya koyar da cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta. Lalacewar abu mai kyau ce, kamar yadda tsatsa take cin fartanya. Majalisar bishop-bishop ta Braga, a Fotugal ta yau, a ƙarni na 6, da babbar majalisar Lateran ta huɗu a Roma a 1215, sun tabbatar da wannan: Allah ya halicce shi da kyau, shi ne ya ɓata kansa. Halitta ne, ba kishiyar Allah ba.

Duk lokacin da Kirista suka manta da wannan, an zubar da jini. Wajen 1486 wani malamin coci a Jamus, Heinrich Kramer, ya wallafa littafi a kan yadda za a gane mayu a hukunta su. Daga ƙarni na 15 zuwa na 18, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 a Turai bisa zargin ƙulla alkawari da Iblis, yawancinsu mata. Katolika sun yi, Furotesta ma sun yi. A 1631 wani fada mai suna Friedrich Spee ya rubuta cewa azaba ce take sa marasa laifi su amsa laifin da ba su yi ba. A Salem ta Amurka, a 1692, an rataye mutum 19 saboda zargin da wasu 'yan mata suka fara. Bayan shekara biyar, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a cikin sujada aka karanta takardar tubansa gaban jama'a.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne. A Gambaga, arewacin Gana, akwai matsugunin matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita. A Akwa Ibom sai da gwamnati ta yi doka a 2008 don hana laƙaba wa yara maita, wasu daga cikin masu laƙabawar kuwa da sunan addu'ar kuɓutarwa suke yi. Ku tuna da ma'anar sunansa: mai ƙara, mai ƙazafi. Ranar da muka nuna gwauruwa ko maraya da yatsa ba tare da shaida ba, aikinsa muka karɓa muna yi masa kyauta, ko da Littafi Mai Tsarki ne a hannunmu.

Ba muna cewa ku raina shi ba. Bitrus ya kwatanta shi da zaki mai neman abin ci, ya ce mu yi zaman tsaro (1 Bitrus 5:8). Amma Yakubu 1:14 ya nuna cewa sha'awar mutum ce take jan shi, don haka wanda ya faɗi ya ce "na yi zunubi", domin a nan gafara take. Mai ƙara yana da baki, amma ba shi da gadon sarauta, mu kuwa muna da mai tsaya mana a gaban Uba (1 Yahaya 2:1).

A ƙarni na 4, a Urushalima, masu shirin baftisma sukan fuskanci yamma, inda rana take faɗuwa, su miƙa hannu su yi musun Shaiɗan da dukan ayyukansa. Daga nan sai su juya gabas su furta bangaskiyarsu ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba a barinsu suna ta kallon yamma. A taronku na wannan mako, ku karanta Zakariya 3 tare da Romawa 8:31-39, sa'an nan kowa ya tambayi kansa wane gefe addu'arsa ta fi fuskanta.

Ubangiji ya tsare ku daga Mugun, ya tsare bakinku daga ƙazafi. Amin.