Ziyarar Filin Yaƙin Burmi da Damina

Arewa da birnin Gombe, a ƙasar Funakaye, kusa da garin Bajoga, akwai wani wuri da a ke kira Burmi, waɗansu kuwa su kan ce Bormi ko Mbormi. Kogin Gongola ba shi da nisa da shi. A dā gari ne mai ganuwa da ƙofofi, amma yanzu ya zama kufai, sai gonaki da kaburbura. A nan ne aka yi karon ƙarshe tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da Turawan Ingila, ran Litinin, 27 ga watan Yuli, 1903, watau farkon Jimada Lawwal na shekara ta 1321 daga Hijira.

Mutum ya iya ziyartar wurin ko da yaushe. Amma wanda ya daidaita zuwansa da 27 ga Yuli zai ga abin da mai zuwa da rani ba zai gani ba. Zai tarar damina ta yi tsaka, ƙasa ta jiƙe, gero da dawa sun yi kore shar, manoma suna fama da maimai. To, a irin wannan lokaci ne, sa'ad da kowane talaka ya ke son ya kwana kusa da gonarsa, dubban manoma suka tsaya a bayan ganuwar Burmi, nesa da garuruwansu, gonakinsu na can ciyawa ta cinye. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fi gane nauyin abin da suka yi.

Ga yadda al'amarin ya faro. A watan Oktoba na 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu. Ya hau gadon sarauta ke nan sai ga Turawa a bakin ƙofa. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya ci Kano. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, a bayan birnin Sakkwato. Dawaki da takubba da kibau ba su iya jure wa igwa da bindiga mai ruwa ba, kafin rana ta take rundunar Sakkwato ta watse.

Daga nan shawarar manya ta rabu biyu. Waziri Buhari ya dubi jama'ar da ba ta da ikon tashi, tsofaffi da mata da yara, ya shawarci malamai, sa'an nan ya komo ya yi sulhu da Turawa, bisa sharaɗin ba za su hana salla da sauran ibada ba. Gwamna Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ya zama Sarkin Musulmi. Shi kuwa Attahiru na Ɗaya ya ga ba ya halatta a gare shi ya zauna ƙarƙashin hukuncin Nasara. Ya tuna kakan mahaifinsa bai zauna ba sa'ad da Sarkin Gobir ya matsa masa, sai ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Saboda haka ya ɗaura niyyar hijira, ya fuskanci gabas, hanyar Makka.

Da ya tashi, mutanen da ke tare da shi ba su da yawa. Amma da ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, sai jama'a ta yi ta kwararowa. Lokacin bazara ne, ana sharar gona ana jiran ruwan shuka. Duk da haka mutane suka ajiye fartanya, suka ɗora kaya a kan jakuna, suka kora shanu da awaki, suka bi shi da iyalinsu. Waɗansu ƙauyuka har suka kusa zama wayam. Dalili kuwa shi ne, tun zamanin Shehu magana ta bazu cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu, ta sadu da Mahadi. Da mutane suka ga Sakkwato ta faɗi, suka ce lokacin ne ya yi.

Manya ma sun bi. Akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar wanda Turawa suka fitar daga Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashimu, malamin Tijjaniyya, wanda shi da jama'arsa suka baro ƙasarsu ta yamma saboda Faransawa. Wannan taro shi ya tayar wa Turawa hankali. Suka ga in ƙasa ta watse ba mai noma, ba mai biyan haraji, cin Kano da Sakkwato bai amfane su da kome ba. Sai suka aika da soja su bi sawunsa.

Burmi kuwa tun dā ma gari ne na masu jiran Mahadi, ga shi kuma a yankin Dutsen Bima, wanda mutane ke girmamawa. Malam Jibrilla Gaini ya yi ƙarfi a nan, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa wajen yaƙi da shi a 1888. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lakwaja, amma almajiransa suna nan, Malam Musa Dadare ya ke shugabancinsu. Ran 13 ga Mayu, 1903, Kyaftin Sword ya auka wa garin. Mutanen Burmi suka tsaya tsayin daka, suka yi wa sojansa rauni da yawa, tilas ya ja da baya zuwa Bauci. Bayan wannan Sarkin Musulmi ya sami mafaka a cikin garin, da shi da jama'arsa.

Turawa suka sake shiri. Manjo Marsh ya zo da soja wajen 500, da igwa da bindigogi masu ruwa. Abin da ya kamata a lura da shi, Turawan da ke cikin rundunar kaɗan ne. Yawancin sojan baƙar fata ne, da Hausawa da Yarabawa da sauransu. Watau a ranar nan akwai masu jin harshe ɗaya a ciki da wajen ganuwa, wannan na harbin wancan.

Aka fara tun da hantsi. Igwa ta yi ta dukan ganuwa, soja suka matso bakin ƙofa, na ciki suka yi musu ruwan kibau. A nan kibiya mai dafi ta sami Manjo Marsh, ya mutu. Da aka fasa garin, faɗa ya koma cikin lunguna, gida gida, har kusan faɗuwar rana. Sarkin Musulmi Attahiru bai gudu ba. Aka kashe shi, mutanensa suka zuba a kewaye da shi, har da 'ya'yansa biyu. Magajin Keffi ma a nan ya kwanta. Bisa lissafin Turawa kansu, waɗanda suka mutu cikin mutanen garin da masu hijira sun fi 600. Bayan yaƙi aka rushe Burmi, aka watsa sauran mutanenta.

Mai ziyara zai tarar da kabarin Sarkin Musulmi, Allah ya jiƙansa, zai kuma tarar da na Manjo Marsh ba da nisa ba. Ɗaya ya taso daga Sakkwato, ɗaya daga Ingila, ƙasa ɗaya ta rufe su. Sauran ɗaruruwan kuwa ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Ba wanda zai nuna ya ce ga kabarin manomin nan na ƙasar Kano, ko ga na makiyayin nan na Zamfara. Su ne suka fi yawa, su ne kuma suka bar abin da ba su da kamarsa, domin sarki in ya yi hijira ya bar sarauta, talaka kuwa ya bar abincin shekara.

Hijirar ba ta ƙare a Burmi ba. Wani ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira, ya tattara waɗanda suka ragu, suka ci gaba da tafiya gabas. Bayan 'yan shekaru suka isa ƙasar Sudan, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa gari. Garin ya ci sunansa, Mai Wurno, zuriyarsu kuwa ta yaɗu a can, suka koma noma kamar iyayensu. Alfa Hashimu ya kai har Madina. Tutar Sarkin Musulmi wadda Turawa suka ɗauka a Burmi ta yi shekara 57 a hannunsu, sai a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka mayar da ita Sakkwato, aka danƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Har yanzu masana suna tattauna wace shawara ta fi, ta Waziri ko ta Sarkin Musulmi. Waɗanda suka zauna sun riƙe masallatai da makarantun allo da kotunan alƙalai, suka miƙa wa na baya. Waɗanda suka tashi sun nuna cewa ba da yardar kowa aka ci ƙasar ba. Kowane ɓangare ya biya abin da ya biya, kuma mutanen yau jikokin duka biyun ne.

Saboda haka wanda Allah ya nufa da zuwa Burmi ran 27 ga Yuli, ya kamata ya shiga da ladabi. Ya nemi izinin masu gona, kada ya tattake musu shuka, gama ƙarƙashinta akwai mutane kwance. Ya yi wa mamata addu'a, sanannu da waɗanda ba a sani ba. In ya zo da yara, ya gaya musu sunan wurin da shekarar da abin ya auku, domin su ma su gaya wa nasu.