Mai Keke, Mai Mota Da Maganar "A Yafe"

Yau na ɗan jingine littafin da muke ciki, zan taɓa tarihin titi, don akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yaran yanzu gani suke tun fil azal titi na mai mota ne, mai keke kuwa cin arziki yake. Ba haka abin yake ba. Zamanin En'e keke abin hawan manya ne. Malamin makaranta, malamin haraji, ɗan kasuwar da ya kama ƙasa, duk Raleigh ce burinsu. Har lasisi ake yankar wa keke, in ɗan doka ya kama ka da dare babu fitila kuwa ka shiga uku. Wanda hukuma ta karɓi kuɗinsa ta ba shi lamba, ai ta yarda yana da haƙƙi a hanya ke nan.

Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970 sai motoci suka cika gari. A watan Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, aka yi ta faɗaɗa tituna, amma lissafin duk na mota ne. Mai keke aka tura shi can bakin kwata, tsakanin yashi da masu tebur. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Wole Soyinka ya fara shugabantarta. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma hawa keke, shi kansa ya hau a Abuja, bas ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, in minista bai tsira ba, ina ga mai kai kayan miya Rimi da asuba?

Doka kam akwai. Dokar hukumar ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga direban da ya kashe rai da tuƙin ganganci, inshorar da ake tilasta wa mai mota kuma don biyan wanda ya buge aka yi ta, ba don nuna wa ɗan sanda takarda ba. To amma mu da muke cikin gari mun san yadda ake ƙarewa. Kafin a kai gawa makwancinta, dattawa sun iso da buhun shinkafa da ɗan abin sadaka, ana cewa ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, a yafe. Uban yaro yana jin kunyar idon jama'a, sai ya ce ya bar wa Allah. Matar da aka bari da marayu huɗu, ba wanda ya leƙa ɗaki ya ji ta bakinta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne da sunan addini ake wannan, alhali tun kafin a ƙera mota malamanmu sun gama maganar. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i kan kisan kuskure ta sauka, ta wajabta diyya da kaffara. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu fiye da yadda za a ƙirga, marubucinta ya rasu tun 996, ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta in ta taka wani abu. Wanda ya hau raƙumi bai kuɓuta da cewa ba da gangan ya yi ba, balle wanda ke riƙe da sitiyari yana latsa waya.

Yafiya halal ce, har lada gare ta, ban musa ba. Sai dai haƙƙin magada ne, kowa da kasonsa, ba na mai unguwa ko ubangidan direba ba. Kuma diyyar raƙumi 100 ko dinari 1,000 da ake cewa an yafe, akwai rabon marayu a ciki, su kuwa ba su balaga ba balle su ce sun bari. Kaffarar azumin wata 2 a jere ma tana nan a wuyan direban, ko da magada duka sun sa hannu.